Babbar jami'a ko ƙarama: ina yaro mai tabon tiyata a gwiwa ya kamata ya sa hannu?

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota a Kano lokacin da wayata ta yi ƙara. Aminina ne tun muna yara a Fagge, wanda ya kwashe shekara ashirin da ɗoriya yana jan tasi a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malam, ga ɗanka nan ka yi masa magana, ni dai kaina ya kulle." Ya juya wayar, sai ga wani zabgegen saurayi ya cika fuskarta, kafaɗunsa ma ba su shiga duka ba. Ya ce, "Baffa, ina wuni," da Hausarsa mai ɗingishi. Na ce ya nuna mini ƙafar. Ya naɗe wando, ya matso da gwiwar dama kusa da kyamara. Ga tabon ɗinki a tsaye ƙasa da ƙoƙon gwiwa, tsawon ɗan yatsa, da wasu ƙananan ɗigo biyu a gefe inda aka zura ƙarfen aiki. Jijiyar nan da likitoci ke kira ACL ce ta tsinke yana ɗan shekara 16, ya rasa kaka guda cur.

Yanzu yana da 17, yana ajin ƙarshe a sakandare, kuma jami'o'i biyu sun ce za su ɗauki nauyin karatunsa ya buga musu ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga a wurinmu. Ɗaya babba ce, daga cikin waɗanda ake nunawa a talabijin kowace Asabar. Ɗayar kuwa ƙarama ce, ko uban bai taɓa jin sunanta ba. Aikin yaron a fili shi ne ya tsaya a gefen layin masu tsaro, ya kutsa ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ta bar hannunsa. Shekara uku kacal ke nan da ya fara, da can ƙwallon kwando yake yi. Da yake ni ne mai raba dare ina kallon wasannin nan, ni aka ɗora wa alƙalanci. Abin da na faɗa musu a daren da kuma kwanakin da suka biyo baya shi na tattara a nan, don na san ba gidansu kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya ba.

Na fara musu da mutum biyu da suka fito a shekara ɗaya, suna aiki iri ɗaya da na yaron, amma hanyoyinsu sun yi hannun riga.

Jadeveon Clowney ɗan garin Rock Hill ne a jihar South Carolina. A 2011 kusan duk masu auna 'yan sakandare sun haɗu a kan shi ne lamba ɗaya a Amurka baki ɗaya. Jami'ar Alabama na so, ta Clemson na so, ya bari sai ranar 14 ga Fabrairu, ranar da ya cika shekara 18, sannan ya bayyana a talabijin cewa jami'ar South Carolina ya zaɓa. Bai ɗumama benci ba ko kaɗan. A shekararsa ta farko ya kayar da mai jefa ƙwallo sau 8, ta biyu sau 13. Ranar 1 ga Janairun 2013 ya yi wa Vincent Smith na Michigan wata bangaza da ta fizge masa hular kwano, aka yi ta maimaita hoton har wanda ba ya kallon wasan ya san sunansa. Sai shekara ta uku ta zo da tangarɗa: ciwon ƙashi a ƙafa, ciwon tsokar haƙarƙari, sau 3 kacal ya kayar da kowa. Da ya ce ba zai iya buga wasan Kentucky ba, kocinsa Steve Spurrier ya nuna ɓacin ransa a gaban 'yan jarida, aka shiga ce-ce-ku-ce ko yaron adana jikinsa yake yi saboda kuɗin da ke gaba. Duk da haka, a gwajin da ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ke yi wa masu tasowa, ya ci yadi 40 a daƙiƙa 4.53 alhali yana da nauyin kilo 120. Ƙungiyar Houston ta ɗauke shi na farko a zaɓen 2014, wato zaɓen da ƙungiyoyin NFL ke yi kowace shekara na sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. A wasansa na farko guringuntsin gwiwa ya yage, kafin shekara ta ƙare an yi masa babbar tiyata.

Khalil Mack kuwa daga Fort Pierce yake a Fulorida. Burinsa ƙwallon kwando ce za ta kai shi jami'a, sai jijiyar ƙoƙon gwiwarsa ta tsinke tun yana ƙaramin aji. Da ya warke, sai a ajin ƙarshe ya buga wa makarantarsu ƙwallon Amurka. Tauraro biyu masu auna yara suka ba shi cikin biyar, manyan jami'o'in jiharsu ba wadda ta waiwaye shi. Jami'ar Buffalo ce ta ɗauke shi, can arewa cikin dusar ƙanƙara, a rukunin jami'o'i na MAC wanda wasu wasanninsa a daren Talata da Laraba ake yi a watan Nuwamba don su samu gurbi a talabijin. Shekarar farko, 2009, bai buga ba, ya zauna yana gina jiki yana koyon aiki. Daga 2010 ya shiga fili, ya yi shekara huɗu yana bugawa. Lamba 46 ya riƙa sawa, saboda makin da wani wasan kwamfuta ya ba shi ke nan cikin ɗari, abin ya tsaya masa a rai. A wasan buɗe kakar 2013 Buffalo ta je gidan Ohio State ta sha kashi 40 da 20, amma Mack ya kayar da mai jefa ƙwallonsu sau biyu da rabi, ya cafe wata ƙwallo da aka jefa ya sheƙa da ita yadi 45 har gida. Ranar ce manyan dillalai suka farka. Ya bar jami'a da tarihin fizge ƙwallo daga hannun abokan hamayya sau 16. Oakland ta ɗauke shi na biyar a wannan zaɓe na 2014, mutum uku ne kawai tsakaninsa da Clowney. A 2016 shi ne gwarzon mai tsaron baya na NFL, a 2018 Chicago ta ba shi kwantiragin dala miliyan 141 na shekara shida. Clowney ya yi doguwar rayuwa a NFL, ba laifi, amma bai kai inda Mack ya kai ba.

Aminina da ya ji wannan sai ya ce, "To ai magana ta ƙare, ƙaramar ce." Na ce a'a, Alhaji, kada mu yi saurin yanke hukunci da labari ɗaya mai daɗi. Ana ba da labarin Mack ne don irinsa ba su da yawa. Idan lissafi za a bi, manyan rukunai ne ke cika zaɓen NFL. Rukunin SEC shi ke kan gaba a yawan waɗanda ake ɗauka kowace shekara tun 2007. Yaro mai tauraro biyar ya fi mai biyu damar kaiwa nesa ba kusa ba. Kuma ko an haɗa manya da ƙanana, waɗanda ke kaiwa NFL daga cikin 'yan wasan jami'a ba su kai 2 cikin 100 ba: ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai a shekara.

Ga kuma wani da ya fi kusa da mu, wanda ya bi ta babbar ƙofa duk da ya makara wurin farawa. David Ojabo a Fatakwal aka haife shi a 2000, iyayensa suka koma Aberdeen ta Sikotilan a 2007, daga baya ya tafi makarantar Blair Academy a New Jersey yana buga ƙwallon ƙafa irin tamu da ta kwando. Sai wajen shekara 17 ya fara sa hular kwano, bayan ya ga abin da ɗan makarantarsu Odafe Oweh ya samu. Michigan ta ɗauke shi, filin da ke cin mutum sama da 107,000. Me ya biyo baya? A 2019 bai taka fili ba. A 2020 ɗan tsakure ya samu. Sai a 2021 ya fashe, ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 11, ga abokin wasansa Aidan Hutchinson a ɗaya gefen yana janye masa hankalin abokan hamayya. Wato shekara biyu a inuwa, shekara ɗaya a rana. Wannan shekara ɗayar ta isa aka fara lissafa shi cikin 'yan zagayen farko, domin duk wanda ya yi abin kirki a Michigan duniya na gani. Sai a watan Maris na 2022, yana atisaye a gaban wakilan NFL, ba wanda ya taɓa shi, agarar ƙafarsa ta hagu ta tsinke. Ya zame zuwa na 45, Baltimore ta ɗauke shi, inda kocinsa na Michigan Mike Macdonald ya koma aiki. Da babbar jami'a ba ta gina masa suna ba, da wannan rauni ya binne shi. Amma a lura, Ojabo da gwiwoyi lafiyayyu ya shiga Michigan, kuma yana da gudun da Allah bai ba kowa ba. Ya iya jiran shekara biyu don ba wanda ke shakkar jikinsa.

Nan ne na ga bambancin ɗanmu da Ojabo. Yaron da ya riga ya rasa kaka guda a sakandare, kuma shekara uku ke nan da fara wasan, abin da ya fi ƙaranci a wurinsa shi ne yawan bugawa. Jiki yana da shi. Abin da ba shi da shi su ne dubban karon nan da ke koya wa mutum inda zai sa hannu, yadda zai karanta ƙafar wanda ke gabansa, lokacin da zai lanƙwasa. Wannan ba a koyonsa daga benci, ko da bencin na zinariya ne. Na sa ya buɗe jerin 'yan wasan babbar jami'ar ya ƙirga masu aikinsa. Ya ƙirga, ya yi shiru. Waɗanda ke gabansa sun haura biyar, kuma kowace shekara za a kawo sababbi, wasu daga sakandare, wasu ƙwararru da suka sauya sheƙa daga wasu jami'o'in. A ƙaramar, biyu daga cikin masu riƙe da wurin suna ajin ƙarshe. Mai jefa ƙwallo Joe Burrow ma, da duk baiwarsa, shekara uku ya yi a Ohio State yana jira. Ƙashin hannunsa ya karye a 2017, Dwayne Haskins ya sha gabansa, sai da ya tattara ya koma LSU sannan ya jefa ƙwallaye 60 na ci a 2019. Karaya ɗaya a lokacin da bai dace ba ta isa a manta da mutum a inda ake da yalwar ma'aikata.

Sai batun gwiwar kanta, wanda shi ne ya hana uwar yaron barci. A nan babbar jami'a na da abin nunawa, kuma ba ƙarya ba ne: likitocin ƙashi na ƙungiya, masu gashin ƙashi da yawa, wurin ninƙaya na masu jinya, masu tsara abinci. Ƙaramar tana da irinsu, amma mutum ɗaya kan yi aikin uku. Idan jijiyar ta sake tsinkewa, wanda yakan faru musamman ga matasan da suka yi gaggawar komawa fili, na fi son a ce yana hannun babbar. Sai dai kyan gini ba shi ne kulawa ba. Jordan McNair a Maryland yake, jami'ar da ke rukunin Big Ten, zafi ya buge shi a atisaye a ƙarshen Mayun 2018, ya rasu a watan Yuni yana ɗan shekara 19, kuma shugaban jami'ar da bakinsa ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran da aka yi. A ƙa'ida yanzu likitan ƙungiya ne ke da ta cewa kan komawar ɗan wasa fili, koci ba shi da ikon tsallake shi. A aikace kuwa, yaron da ya san akwai mutum biyar da ke jiran ya yi ɗingishi shi da kansa zai ɓoye kumburi. Ba sai an ce masa komai ba.

Akwai kuma wata hanya da ake sallamar mutum cikin ladabi: a ce likita ya ga bai dace ya ci gaba ba, a bar masa tallafin karatunsa, a cire shi daga ƙungiya. Wani lokacin gaskiya ce, wani lokacin kuma gurbi ake nema. Wanda ya zo da tabo a gwiwa shi ya fi sauƙin faɗawa wannan rami, kuma inda gurbi ya fi tsada nan aka fi buƙatarsa.

Dokokin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun ɗan gyaru, ya kamata iyaye su san haƙƙinsu. Tun daga Agustan 2024, jami'o'in mataki na ɗaya ba su da ikon janye tallafin karatu saboda rauni ko don yaro bai taka rawar gani ba, kuma wajibi ne su kula da raunin da ya samu a wasa har shekara biyu bayan ya bar makaranta. Ɗan wasa na da shekara biyar ya buga huɗu a ciki. Shekarar da ya zauna ita ake kira jar riga, kuma tun 2018 zai iya buga wasa huɗu a cikinta ba ta ƙone ba. Idan ya ji rauni a farkon kaka, ana iya nema masa a mayar masa da shekarar. Da haka mai jefa ƙwallo Josh Allen ya tsira, wanda ba wata babbar jami'a da ta kula shi daga garinsu Firebaugh a Kalifoniya, ya bi ta kwalejin Reedley ya shiga Wyoming, ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗa ya karye a 2015. Wyoming ta jira shi don ba ta da kamarsa. Waɗannan dokoki sun shafi babbar da ƙaramar duka, don haka ba su ne za su raba gardama ba. Abin da zai raba ita ce tambayar: wa zai jira ka?

Na daɗe a kan Michael Penix Jr., domin labarinsa ya taɓo abu biyu da ke damuna. Mai jefa ƙwallo ne ɗan Fulorida, ya yi wa jami'ar Tennessee alkawari tun yana sakandare. Aka kori koci Butch Jones a ƙarshen 2017, sababbin da suka zo ba su da ra'ayinsa, ana dab da sa hannu ya tsinci kansa yana neman wuri. Indiana ta karɓe shi. A can kaka huɗu a jere rauni na katse masa: ACL a 2018, kafaɗa a 2019, ACL a gwiwar nan dai a 2020, ɗaya kafaɗar a 2021. Mutane da yawa sun shafa masa fatiha. Ya koma Washington a 2022, wurin Kalen DeBoer, wanda ya taɓa tsara masa wasa a Indiana a 2019 kuma ya san abin da hannun hagun nan ke iya yi. Kaka biyu ya buga lafiya lau, ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024 inda Michigan ta doke su 34 da 13, Atlanta ta ɗauke shi na 8. Darasi na farko, tayin baki ba tayi ba ne, sai an sa hannu a takardar tallafi. Na biyu, mutumin da ya san ka ya fi sunan makaranta amfani ranar da jiki ya ci amanarka. Amma shi ma mutumin ba gini ba ne. Ko mako ba a yi da wannan wasan ƙarshe ba kocin Alabama Nick Saban ya yi ritaya, DeBoer ya kama hanyar Alabama don ya gaje shi, yaran da suka je Washington dominsa suka bi shi da kallo.

Shi ya sa na tambayi aminina yadda kowace ta nemi yaron. Babbar, in ji shi, saƙonnin waya ne da hotunan yaron an haɗa shi da rigarsu, sai gayyata ta kwana biyu da otal da nama har ya ture. Ƙaramar kuwa kocin masu tsaron gaba ya zo gidansu sau biyu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce masa ba, ya zauna a kan darduma da ƙyar saboda girman jiki, Hajiya ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ci da cokali yana gumi. Ya nemi ganin rahoton tiyatar, ya tambayi sunan likitan, ya ce shekarar farko ba sa son ya buga fiye da wasa huɗu. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi burge ni, fiye da cin tuwon, don mai romon baka cewa zai yi za ka fara tun ranar farko. Na gargaɗe su dai cewa kocin ƙaramar jami'a idan ya yi nasara manya ne ke ɗauke shi, don haka su tambayi kansu ko za su iya zaman wurin ba shi.

Kuɗi fa? A nan babbar ta yi fintinkau, ba ja. Tun 1 ga Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, kuma bayan sasantawar kotu da aka amince da ita a Yunin 2025, jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Manya ne ke iya cike wannan adadi, ƙanana ko kusa. Sai dai rabon ba na masallaci ba ne, masu fara wasa da waɗanda aka yi takara a kansu ke kwashe kaso mai tsoka. Na shida a layi da tabo a gwiwa ba shi ake yi wa yanka ba. Ga waɗanda za su taso daga gida Najeriya ko Nijar ko Gana da bizar ɗalibi, a sani cewa sharuɗɗan bizar sun taƙaita neman kuɗi a cikin Amurka, kada a yi lissafi da kuɗin da ba lalle a taɓa su ba. Ɗanmu haifaffen can ne, wannan bai shafe shi ba.

Abin da ya fi karkatar da ni shi ne yadda kiɗan ya sauya tun zamanin Mack. A da, in ka sauya jami'a sai ka zauna shekara guda ba ka buga ba. An buɗe rajistar masu sauya sheƙa a 2018, aka cire zaman jiran a 2021, daga 2024 kuma ko sau nawa ne. Ma'ana ƙaramar jami'a ta zama tsani. Cam Ward makarantarsu ta sakandare a Texas ba ta cika jefa ƙwallo ba, don haka ba wanda ya san hannunsa, Incarnate Word ce ta ba shi dama. Daga nan Washington State, daga nan Miami, a 2025 shi aka fara ɗauka. Jared Verse, mai aiki irin na ɗanmu, daga Albany ya haura Florida State, aka ɗauke shi na 19 a 2024. Wasu ma ba su motsa ba aka same su har gida, kamar Quinyon Mitchell na Toledo. Hawa daga ƙasa da faifan wasa a hannu ya fi sauƙi a kan saukowa daga sama ba ka da komai sai hoton riga. Wanda ya yi shekara biyu a bencin babbar jami'a ya shiga kasuwar sauya sheƙa, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina abin da ka buga, ta biyu kuma yaya gwiwar. Da yawa sukan shiga kasuwar su rasa mai saye, ga tallafin da suka baro ya tafi.

Digiri kuma ba zan ce wannan ta fi waccan ba sai an duba fannin da yaron ke so, don akwai ƙananan ƙungiyoyi a jami'o'i masu ƙarfin karatu, Buffalo ɗin ma babbar jami'ar gwamnati ce. Na dai tuna musu Marcus Lattimore, abokin wasan Clowney, wanda aka yi rububinsa a 2010. Gwiwar hagu ta tafi a 2011, ta dama ta goce gaba ɗaya a wasan Tennessee a Oktoban 2012. San Francisco ta ɗauke shi a zagaye na huɗu, bai buga ko wasa ɗaya ba ya ajiye, ya koma ya ƙarasa karatunsa. Su tambayi kowace jami'a ko lokacin atisaye zai bar yaro ya yi fannin da ya zaɓa, don akan lallaɓa 'yan wasa su ɗauki mai sauƙi.

Hajiya daga bayan waya ta jefo tata: masallaci da abinci da azumi. Ba ƙaramar tambaya ba ce. A 'yan shekarun nan Ramadan na faɗowa ne a Fabrairu da Maris, lokacin ɗaga ƙarfe da atisayen bazara, ba tsakiyar kaka ba, wannan sauƙi ne. Na ce su yi tambayar kai tsaye a gaban koci su kalli fuskarsa.

Da suka matsa mini, na faɗi nawa. In ɗana ne na cikina, ƙaramar zan ce ya je, ya yi jar riga, ya bar gwiwar ta cika shekara biyu da tiyata kafin a ɗora mata kaya, ya buga kaka biyu cikakku, sannan a ga abin da hali zai yi. Abu uku ne za su sa in juya. In babbar ta nuna a aikace cewa shi take so, wato babban kocin masu tsaro ya zauna da shi ya nuna masa a faifai inda zai shiga, ba wani ma'aikacin ofis mai tura saƙo ba. Ko in likitan ƙaramar ya kasa ba da amsa mai gamsarwa kan wanda zai yi tiyata da wanda zai biya idan abin ya maimaitu. Ko kuma in yaron da kansa ya san zuciyarsa ba za ta daina cizon yatsa ba in bai gwada babbar ba, domin wanda aka kai wuri ba da son ransa ba ba ya jure sanyin asubar Janairu. Da a ce bai taɓa jin rauni ba kuma tun yana ɗan shekara goma yake wasan, da babbar zan ce ba tare da dogon tunani ba.

Yaron ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baffa, in na je ƙaramar abokaina za su ce tsoro na ji." Na ce ya tambaye su ko cikinsu akwai wanda ya taɓa kwana shida ba ya iya ɗaga ƙafarsa daga katifa. Ya yi dariya, uban bai yi ba.

Mako biyu bayan nan suka tafi ziyarar ƙaramar, aminina ya ajiye tasi ya tuƙa su da kansa, tambayoyin da muka tsara suna rubuce a bayan wata takardar shan mai. Ya kira ni daga wurin ajiye motoci. Ya ce likitar ƙungiyar mace ce, ta kwantar da yaron ta ja ƙaurin gaba ta tura baya, ta sa shi tsalle da ƙafa ɗaya sau uku kowane ɓangare, ta auna da tef. Ta ce ta dama ta gaza ta hagu da kusan taƙi guda, kuma ba za ta sa hannu ya yi karo da kowa ba sai tazarar ta rufe. Ziyarar babbar saura kwana tara, ya ce zai sa a yi masa gwajin nan a can ma ya ji me za su ce.